Kowane Dutse Mai Daraja da Gidansa

Tsakanin shekarar 2013 da 2014 labari ya game arewacin Najeriya cewa shuɗin yaƙutu ya fito a Mayo Sina, kusa da Nguroje, a kan tsaunin Mambila na Jihar Taraba. Wannan shi ne dutsen da 'yan kasuwa ke kira safaya, masu haƙa kuma suke cewa bulu siton. Ba a jima ba matasa suka yi ta kwarara wurin dubu-dubu da shebur da diga. Duwatsun da suka tono suka bi hannun dillalai har birnin Bangkok na ƙasar Tailan, inda aka tantance su, aka fere, aka goge, aka sanya musu farashin da wanda ya shiga ramin bai taɓa jin labarinsa ba.

Idan aka tambayi mai haƙa dalilin da ya sa dutsen ya fito a Mambila bai fito a Jalingo ba, amsar da aka fi ji ita ce sa'a. Wani zai ce rabo ne, wani ya ce aljanun wurin ne suka saki. Jami'in gwamnati kuma zai hau mumbari ya ce an albarkaci Najeriya da ma'adinai fiye da iri 40, ya sauka ba tare da ya faɗi wanne ne yake ina, ko me ya kai shi can ba. Amsoshin nan duk abu ɗaya suke koya wa talaka: cewa dutse mai daraja tsintuwa ne, yana iya fitowa ko'ina, don haka sai a yi ta tono har Allah ya kawo ranar dace.

Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma kuskure ne mai tsada. Babu mai jayayya cewa arziki na Allah ne. Amma manomin da ya fi kowa yarda da haka ba ya shuka shinkafa a jigawa, ba ya kai gero cikin fadama, domin ya san kowace shuka da ƙasarta. Haka duwatsu masu daraja suke. Kowane ɗaya yana da irin dutsen da ke haifarsa ko yake ɗauko shi, kuma da yawa daga cikin waɗannan iyayen duwatsu daga aman wuta suka fito. Wanda ya iya karanta su ya san inda zai sa diga, ya kuma san inda ba zai ɓata guminsa ba. Mai saye a Bangkok ya san wannan ilimi tun tuni. Mai haƙa a Nguroje ne aka bari cikin duhu, kuma akwai masu cin ribar duhun.

Ma'aunin farko: yawan silika

A ƙarƙashin ƙasa akwai wuraren da zafi ke narkar da dutse. Idan narkakken dutsen ya fasa ƙasa ya fito, shi ne aman wuta, idan ya huce kuma sai ya sake zama dutse. Abin da ya fi bambanta irin waɗannan duwatsu shi ne yawan silika a cikinsu, wato sinadarin da ya yi farin yashi da dutsen ƙanƙara.

Narkakken dutsen da silikarsa take tsakanin kashi 45 zuwa 52 cikin ɗari yana fitowa da zafin da ya kai digiri 1,100 zuwa 1,200 a ma'aunin Salshiyas, yana malala kamar koko mai ruwa-ruwa, idan ya sandare ya zama baƙin dutse mai nauyi da ake kira basalti. Wanda silikarsa ta kai wajen kashi 70 ko ta haura bai kai wancan zafi ba, yana da kauri kamar tuwon da ya kusa nuna, iskar da ke cikinsa ba ta samun hanyar fita, shi ya sa yakan fashe da ƙarfi. Shi ne rayolait, mai launin toka-toka ko ja-ja. Idan kuwa wannan mai kaurin bai kai ga fitowa ba, ya tsaya a ƙarƙashin ƙasa yana hucewa a hankali na dubban shekaru, ƙwayoyinsa sukan girma har ido ya gan su, ya zama giranit, irin manyan duwatsun da suka kewaye Jos. Rayolait da giranit uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, wurin hucewa ne ya raba su. A ɗaya gefen kuma akwai kimbalait, wanda silikarsa ta gaza ta basalti nesa ba kusa ba, kuma ya fi kowane zurfin asali.

Waɗannan iyalai uku, basalti da rayolait da kimbalait, kowane da dukiyar da ake samu a gidansa, kuma ba sa musayar kaya.

Basalti ɗan dako ne

Yaƙutu haɗi ne na alminiyum da iskar oksijin. Ɗan ƙarfe da titaniyum a cikinsa ne ke mai da shi shuɗi, kuromiyum kuma ya mai da shi ja. Yana da wani hali guda da ya kamata kowane mai haƙa ya haddace: ba ya tsirowa inda silika ta yi yawa, domin silika tana kame alminiyum ta mai da shi wasu ma'adinai na gama-gari. Saboda haka wanda yake bin jijiyar farar ƙanƙara yana fatan shuɗin yaƙutu, kamar mai neman kifi ne a kan tudu.

Basalti kansa ba shi ke haifar yaƙutu ba. Yaƙutun ya riga ya ƙullu can cikin zurfi, sai narkakken basalti ya biyo ta wurin da gudu, ya yage shi daga mazauninsa, ya ɗauko shi zuwa sama kamar yadda ɗan dako ke ɗaukar kayan da ba nasa ba. Kuma ba kowane basalti ke wannan dako ba. Mai yi shi ne wanda ya taso daga zurfi mai nisa a tsakiyar nahiya, mai yawan sinadaran sodiyum da fotasiyum, mai saurin hawa. Irin wannan basalti ne ya ajiye yaƙutu a Chanthaburi ta Tailan, da Pailin ta Kambodiya, da Anakie da Inverell na gabashin Ostareliya.

Irinsa ne kuma a Mambila. Akwai jerin duwatsun aman wuta mai tsawon kusan kilomita 1,600 da ya taso daga tsibirin Annobon a cikin Tekun Atilantika, ya bi ta Bioko da Dutsen Kamaru, ya haura tsaunukan Bamenda da Adamawa, reshensa ya kai tudun Biu a Jihar Borno. Jerin bai mutu ba: Dutsen Kamaru ya yi aman wuta a 1999 da 2000, iskar da ta fito daga Tafkin Nyos a 1986 kuma ta halaka mutane fiye da 1,700. Mambila tana kan wannan layi, haka yankin Adamawa ta Kamaru inda shi ma ake samun shuɗin yaƙutu. A kudancin Kaduna, wajen Nisama da Gidan Waya a ƙasar Jama'a, yaƙutun da ya ja hankalin kasuwar duniya a shekarun 1980 shi ma daga ruɓaɓɓen basalti ya fito, na gefen tudun Jos. Ruwa ba ya tsami banza.

Da wuya a fasa basalti a ga yaƙutu a ciki, domin ƙwaya ɗaya tana iya zama cikin tan da yawa na dutse. Ruwan sama da zamani ne ke yi wa mai haƙa aikin farko. Basalti yana ruɓewa ya zama jar ƙasa, yaƙutu kuwa taurinsa ya kai mataki na 9 cikin 10, daimon kaɗai ya fi shi, don haka yana nan yadda yake. Nauyinsa ya ninka na ruwa sau 4, alhali na ƙanƙara bai wuce sau 2.65 ba. Idan rafi ya kwashe shi, sai ya nutse ya kwanta a ƙasan tsakuwa, dab da falalen dutsen da ke gindin rafin, a kwanar da ruwa ke rage gudu. Yana kuma tafiya da abokai masu nauyi irinsa, musamman jan zarkon da baƙin sifinel mai sheƙi. Waɗannan sun fi shi yawa, su ne sawun da ake bi. Mai bincike yakan wanke tsakuwa yana haurawa rafi: muddin abokan suna ƙaruwa, kuma ƙwayoyin suna ƙara kaifin gefe, yana kusantar tushe, ranar da suka ɓace kuma ya wuce shi. Wannan darasi ba ya buƙatar digiri. Kwano da rariya da mai koyarwa na mako guda sun isa.

Basalti yana da wasu kyaututtukan. A San Carlos ta Arizona a Amurka ya ɗauko dunƙulen dutse mai koren zabarjadi daga can ƙarƙashin ɓawon duniya. A kudancin Burazil da arewacin Yurugwai kuma wani nau'in basalti dabam ne, wanda ya malala ya rufe ƙasa mai faɗi wajen shekaru miliyan 134 da suka wuce. Shi bai yi dakon yaƙutu ba. Kumfar iska ce ta bar koguna a cikinsa, daga baya ruwa mai ɗauke da silika ya cika su da aƙiƙ da ametis mai launin shuni, har akwai garin da ake kira Ametista do Sul. Sunan dutsen ɗaya ne, basalti, amma tarihinsa dabam, kayansa ma dabam.

Tushen tsofaffin duwatsun wuta na Jos

A gidan rayolait da giranit lissafin ya juya. Yayin da narkakken dutse mai yawan silika ke hucewa, akwai sinadaran da ba sa samun gurbi a cikin ma'adinan farko, irin su fulorin da beriliyum da litiyum da kuza. Sai su taru a ruwan ƙarshe da tururin da ya rage, su shiga tsaga da koguna, su ƙullu a can. Daga fulorin ake samun tofaz, daga beriliyum ake samun akwamarin da zumurrudu. A tsaunukan Thomas na Jihar Utah a Amurka ana ciro tofaz daga kogunan rayolait kai tsaye, a tsaunukan Wah Wah na jihar kuma ake samun jan beril, ɗaya daga cikin duwatsun da suka fi ƙaranci a duniya. Ofal mai launin wuta na Keretaro a Meziko cikin rayolait yake. A Wegel Tena ta yankin Wollo a Habasha, ofal ɗin da aka gano a 2008 yana kwance ne cikin shimfiɗar tokar aman wuta mai yawan silika, wadda ruwa ya jiƙa ya tsotse silikarta ya zuba a cikin tsaga.

Arewacin Najeriya da Nijar suna da rabonsu na wannan iyali, kuma babba ne. Daga tsaunukan Ayar a ƙasar Agadas, ta Damagaram da Muniyo, zuwa Riruwai da Ningi da Jos har Afu a Jihar Nasarawa, akwai jerin duwatsun giranit masu siffar zobe, fiye da 50 daga cikinsu a Najeriya. Tushen tsofaffin duwatsun aman wuta ne da zaizayar ƙasa ta cinye kawunansu, har yanzu kuma ana ganin ragowar rayolait ɗinsu a wurare irin su Ningi da Riruwai. Na Ayar sun haura shekaru miliyan 400, shekarun suna raguwa yayin da ake yin kudu, har a iso na Jos da Afu da suke tsakanin miliyan 140 da 200. Su ne suka ba da kuzar da maƙeran Riruwai suka narka tun kafin zuwan Turawa, wadda daga baya ta gina garin Jos da Bukuru. Su ne kuma tushen tofaz ɗin da ake tsinta a tsakuwar kuza, da akwamarin da koren beril na wajen Gwantu da Nasarawa Eggon.

Ba kowane dutse mai daraja na ƙasar nan ne ɗan aman wuta ba. Tomalin na Keffi da Ijero da yankin Oke Ogun na Jihar Oyo yana cikin jijiyoyin fegmatait ne, wato giranit mai manyan ƙwayoyi, waɗanda suka ƙullu can ƙasa wajen shekaru miliyan 500 da suka wuce, suka miƙe kamar ɗamara daga wajen Wamba zuwa kudu maso yamma. A cikinsu ne ake haƙar litiyum a yau. Darasin dai bai canja ba. A kudancin Kaduna da Nasarawa tafiyar sa'a guda a mota tana iya ratsa basalti mai yaƙutu, da giranit mai tofaz, da fegmatait mai tomalin. Wanda bai iya bambanta su ba zai ga kamar duwatsun suna fitowa ne yadda suka ga dama. Wanda ya iya yana ganin gidaje uku, kowane da ƙofarsa.

Daimon da 'yan damfara

Babu inda jahiltar dutse ta fi cin dukiyar mutane kamar batun daimon. Daimon yana ƙulluwa ne a zurfin kilomita 150 zuwa 200, inda nauyin ƙasa ya isa ya matse sinadarin gawayi. Kimbalait ne ke dakonsa, kuma dole ya yi sauri ƙwarai, domin idan hawan ya ɗauki lokaci daimon yakan lalace a hanya. Inda ya fasa ƙasa yakan bar bututu mai siffar karas. An san dubban irin waɗannan bututai a duniya, waɗanda suka cancanci a kafa musu ma'adini kuwa ba su kai ɗari ba, kuma ko a cikin masu kyau sau da yawa tan guda na dutse ba ya ba da karat ɗaya, wato kashi ɗaya cikin biyar na giram.

A 1966 masanin duwatsu Tom Clifford ya nuna cewa kimbalait mai daimon yana fitowa ne a kan tsofaffin ginshiƙan nahiya, masu kauri da sanyi, waɗanda suka daɗe ƙwarai ba su motsa ba. Afirka ta Kudu da Botswana suna kan irin wannan ginshiƙi, haka Saliyo da Gini da Laberiya, haka Angola da Kwango. Najeriya kuwa tana tsakanin ginshiƙin Afirka ta Yamma da na Kwango, a kan ɗamarar da aka murƙushe aka sake gasawa wajen shekaru miliyan 600 da suka wuce. Shi ya sa har yau babu ma'adinin daimon na kasuwanci a ƙasar. Ƙa'idar tana da togaciya: ma'adinin Argyle na Ostareliya, wanda ya ba duniya mafi yawan daimon mai ruwan hoda kafin a rufe shi a 2020, yana gefen ginshiƙi ne, cikin wani ɗan'uwan kimbalait da ake kira lamfurait. Amma togaciya ba lasisi ba ce ga duk wanda ya zo da farar ƙanƙara a cikin kwalba yana neman abokin jari. Mai cewa ya ga daimon a gonarsa sai ya nuna bututun, ya nuna jan ganet da baƙin ilmenait da ke rakiyarsa.

Tarihi ya nuna abin da ke faruwa idan ba a yi wannan tambaya ba. A 1872 wasu mutum biyu 'yan Kentucky, Philip Arnold da John Slack, suka sayo ƙananan duwatsu masu arha a Turai, suka barbaɗa su a wani fili a arewa maso yammacin Kolorado, suka yaudari manyan attajiran San Faransisko da New York, har shahararren mai sayar da kayan ado Charles Tiffany ya yi wa samfurin ƙima mai tsada. Masanin duwatsu Clarence King ne ya tona asirin. Cikin abubuwan da suka ba shi shakka akwai ganin daimon da jan yaƙutu da wasu duwatsun da ba sa zama gida ɗaya duk a wuri guda. Kusan shekaru 140 bayan haka, a Disamban 2010, ma'aikatar harkokin wajen Koriya ta Kudu ta ba da sanarwar cewa wani kamfanin ƙasar ya sami izinin haƙar daimon a Mobilong, a gabashin Kamaru, mai yawan karat miliyan 420, fiye da ninki biyu na abin da duniya ke haƙa a shekara. Hannun jarin kamfanin ya yi tashin gwauron zabo. A farkon 2012 hukumar binciken kuɗi ta ƙasar ta gano an zuzuta adadin. Waɗanda aka yaudara a lokutan biyu masu ilimi ne da kuɗi. Tambaya ɗaya ce ba su yi ba: wane dutse ne ya kawo shi nan?

Abin da masu musu ke cewa

Za a ce ai manyan ma'adinai da yawa tsintuwa ce ta gano su. Gaskiya ne. Yaro ne ya tsinci daimon na farko a Afirka ta Kudu, kusa da Hopetown, wajen 1867. Amma sa'a dutsen farko kawai take nunawa. Da aka fara haƙa a Kimberley a 1871, masu haƙa suna wanke wata ƙasa mai ruwan ɗorawa ce mai taushi. Da suka iso wani shuɗin dutse mai tauri a ƙarƙashinta, da yawa suka ɗauka arzikin ya ƙare, suka sayar da filayensu da arha. Barney Barnato yana cikin waɗanda suka gaskata bayanin masana cewa ƙasar ta sama ruɓaɓɓen shuɗin dutsen ce, kuma bututun ya ci gaba har ƙasa. Ya yi ta saye. A 1889 kamfanin De Beers ya biya fam miliyan 5 da 'yan kai don mallakar kamfanin da ya gina. Waɗanda suka dogara da sa'a sun tsinta, wanda ya fahimci dutsen ya mallaka.

Za a kuma ce ilimin duwatsu ba ya ba da tabbaci, domin mafi yawan basalti babu komai a cikinsa. Wannan ma gaskiya ne, kuma hujja ce ga ilimin. Babban amfaninsa shi ne ya ce wa mutum kada ya tona nan. Ramin da ba a haƙa ba shi ne gonar da ba ta lalace ba, da bashin da ba a ci ba, da loton da bai rufta da kowa ba. A Botswana masu binciken De Beers sun shafe shekaru 12 suna tace yashin Kalahari, suna bin ƙwayoyin ganet da ilmenait, har da waɗanda gara ta tono daga ƙasa ta tara a suri, kafin su gano Orapa a 1967, shekara guda bayan samun 'yancin ƙasar. Jwaneng ta biyo baya, aka buɗe ta a 1982. Ƙasar ta riƙe rabin kamfanin Debswana, a 2013 kuma aka mayar da cinikin ɗanyen daimon na De Beers daga Landan zuwa Gaborone.

Hujja ta uku ita ce mafi rauni, ko da yake ta fi kama da hikima: wai idan aka bayyana wa jama'a inda dukiya take, za a jawo turmutsitsi da 'yan bindiga. Amsa ita ce dillalai da masu ɗaukar nauyin rami sun riga sun san wuraren, rahotannin masana kan yaƙutun Kaduna da Mambila kuma suna kan intanet da Turanci ga duk mai iya karantawa. Ɓoyon bai hana kowa zuwa ba. Abin da ya hana shi ne mai gona ya san darajar abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa kafin ya sa hannu a takarda. Rashin sani kuma yana kisa. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje ba a san yana cike da dalma ba. Duk wanda ya karanci duwatsu zai iya gane wannan haɗari da gwaji mai sauƙi.

Wa ke riƙe da taswira?

Najeriya ba ta rasa ilimin ba. An kafa hukumar binciken duwatsu ta ƙasar tun 1919. Tsakanin 2003 da 2010 jiragen sama sun auna maganaɗisu da tururin ƙasa a faɗin ƙasar. A 2017 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 150 don bunƙasa ɓangaren ma'adinai. Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jos suna yaye masana duwatsu kowace shekara. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ɗora wa gwamnati nauyin kai wa ƙungiyoyin ƙananan masu haƙa taimakon ƙwararru, har da bincike da gwajin ma'adini. Tsarin mulki ya damƙa mallakar duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun gwamnatin tarayya. Wanda ya karɓi mallaka ya karɓi amana, kuma amanar ta haɗa da faɗa wa mutane gaskiyar ƙasarsu da harshen da suke ji.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin kowa ba. Taswirar duwatsu mai sauƙi ta kowace ƙaramar hukuma da ake haƙa, da Hausa da Fulatanci da harsunan wurin, a manne a sakatariya da fadar hakimi, tana nuna ina basalti, ina giranit, ina fegmatait. Akwatin samfurin duwatsu a hannun kowace ƙungiyar masu haƙa. Malamin duwatsu mai zagayawa kamar yadda malamin gona ke yi. Ɗakin gwaji a Jos da Gembu da Kafanchan inda mutum zai kai dutse a faɗa masa sunansa kafin ya kai wa mai saye. Gidajen rediyon da ke ba da sa'o'i ga tallan maganin ƙarfi suna iya ba da rabin sa'a a mako ga wannan. 'Yan boko kuma, lauyoyi da ma'aikatan banki da 'yan kasuwar da ake kawo wa tayin zuba jari a rami, su koyi yin tambayar da attajiran San Faransisko suka kasa yi.

Chanthaburi ta ci mafi yawan yaƙutun ƙasarta tun shekaru da dama, amma har yau nan ake kai duwatsun Afirka a gasa, a fere, a sayar, domin mutanenta sun koyi dutsen yayin da suke haƙarsa. Tsakuwar Mambila ma za ta ƙare wata rana, kamar yadda zamanin kuzar Jos ya wuce ya bar kududdufai. Idan har zuwa ranar ana ci gaba da gaya wa mai haƙa cewa sa'a ce kawai, to kura ce za ta ci gaba da shan bugu, gardi yana karɓar kuɗi, kuma abin da zai rage wa jikokin Nguroje shi ne ramuka a inda shanu ke kiwo a da.